An Duba Gidan Nan

Duk wanda ya bi lungunanmu na Ƙofar Kwaya zai ga wani zane na farin alli a jikin katangu, daidai gefen ƙofa, da'ira ce da ƙugiya a cikinta. Aikin yaran ƙungiyar Mu Duba Juna ne, samari da 'yan matan unguwa da suka ɗaukar wa kansu zagaya gidajen masu ciki da masu jego, ba mai biyansu ko sisi. 'Yan matan ne ke shiga ciki da na'urar awon jini, su danna ƙafar mai jego su ga ko ta kumbura, su tambaye ta yadda take barci. Samarin kuwa a zaure suke tsayawa, su yi ta lallashin maigida har ya yarda a kai iyalinsa asibiti. In sun gama sai su yi zanen nan, ma'anarsa an duba gidan nan, 'yan uwansu da ke tafe a baya su wuce gaba. Yaran sun yi ƙoƙari, wannan ko maƙiyinsu ya shaida. Akwai matan da yau suke tuƙa tuwo a unguwar nan, da ba don su ba da tuni ciyawa ta rufe kabarinsu.

Gida ɗaya ne ba su taɓa shiga ba, kuma shi ya fi kowane gida samun sabon alli. Gidan shugabansu ne, Ɗayyabu.

Ɗayyabu yaro ne mai baki. In ya tsaya gaban magidanta yana bayanin yadda zuciyar mai jego ke gajiya, sai ka ga dattijon da ya shigo da faɗa ya koma yana gyaɗa kai. Sai dai bakin nan nasa a zauren gidansu yake cire shi tare da takalmi. A cikin gida maganar mahaifiyarsa ce magana, Hajiya Mero, wadda tun ranar da aka kafa ƙungiyar ta ja masa kunne.

"Ku yi ta yawonku gidajen mutane, ba ruwana. Amma kada in ga ƙahwar yaran nan masu koriyar riga cikin gidana. Ni ba a koya mani rainon mai jego ba."

Shi ya sa duk Asabar da safe, kafin yaran su hallara, Ɗayyabu zai fito da guntun alli ya zana da'irar da hannunsa. In 'yan matan sun iso sai su ga an riga an yi, su ce ai gidan shugaba ne, wa ya isa ya koya wa ɗan kada iyo, su wuce. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Matarsa Hajo Bafulatana ce, doguwa, mai ƙarancin magana. Haihuwarta ce ta fari. A al'ada gidan iyayenta ya kamata ta tafi wanka, amma 'yan bindiga sun tayar da rugarsu, iyayen sun kora ragowar shanunsu sun yi nisa, ko waya sai an dace ake samunsu. Don haka jegon ya faɗo hannun Hajiya Mero, ita kuwa ta karɓe shi da hannu biyu, domin ba ta son a ce ta wulaƙanta ɗiyar mutane.

Ban ce Hajiya muguwa ce ba. Da kanta take hura itace tun asuba, ta ɗora ƙatuwar tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle. Ta zaunar da Hajo a kan kujera 'yar tsugune a bayan gida, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mata a baya da ƙirji, tururi ya turnuƙe har ba a ganin juna. Safe da yamma haka, ga shi kuwa bazara ce, irin zafin Katsina da ko kare ba ya barin inuwa. Daga wanka sai kunun kanwa, kwano cike, kanwar har tana ɗaci a harshe. Daga kunu sai ɗaki, an rufe taga, kaskon garwashi a ƙarƙashin gado.

Bayan suna da 'yan kwanaki zoben Hajo ya ƙi fita daga yatsarta. Sannan silifas ɗinta suka daina shiga. Ta fara wani tari busasshe, in ta kwanta sai numfashi ya tsaya mata a maƙoshi, dole ta tashi ta jingina da bango, ta yi gyangyaɗi a zaune da jaririn a cinya. Duk wanda ya tambaye ta jiki amsarta ɗaya ce, "Da sauƙi." A rugarsu haka aka tarbiyyantar da ita, mace ba ta raki, balle a gaban surukarta.

Hajiya Mero ta ga kumburin kafin kowa. Ta riƙe ƙafar, ta jujjuya, ta girgiza kai.

"Ai na sani. Sanyi ne ya shige ki. Ruwan nan bai isa zahi ba."

Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa.

Ɗayyabu ya gani. Kada wani ya ce bai gani ba, mutumin da ya koya wa 'yan mata yadda ake danna ƙauri a duba ko yatsa ya bar rami. Jakar na'urar ma a ɗakin take kwana, rataye a ƙusa, daidai saman kan matarsa. Wata safiya ya yi ta maza ya sami mahaifiyarsa a madafi, ya durƙusa, ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron kuɗi.

"Hajiya, na ce ko za a ɗan rage kanwar nan. A wurin horo an ce tana tara ruwa a jiki, tana wahal da zuciya."

Hajiya ta ajiye muciya ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Ɗayyabu, da mi na yi jegonka?"

"Da shi ne, Hajiya."

"Na mutu?"

"A'a."

"To tahi ka ba ni wuri. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Kuma ka ji kunya hwa. Haihuwar hwari, kana rawar jiki a kan mata da ɗa gaban uwarka, so kake a yi da mu a unguwa?"

Ya sunkuyar da kai ya fita. A ransa ya ce zai sake gwadawa in ta huce. Hajiya Mero kuwa ba ta hucewa a kan abin da ta tabbata ta fi kowa sani.

A makon nan ne aka kira shugabannin matasa horo a wani otal da ke GRA, ana koya musu jagoranci. An kuma sanar da cewa ranar Asabar masu tallafa wa ƙungiyar za su zo daga Abuja su zagaya Ƙofar Kwaya su ga aiki da idonsu, su miƙa wa Ɗayyabu lambar yabo. Tun daga nan ya daina zama. Ya fita da sassafe, ya dawo a gajiye, ya leƙa ɗaki daga bakin ƙofa ya ce, "Ya jikin?" Ta ce da sauƙi, ya karɓi amsar da sauri kamar mai tsoron a canza ta.

Ranar Alhamis da hantsi, Sadiyya, ɗaya daga cikin 'yan matan ƙungiyar, ta buƙaci na'urar domin wata mai ciki da jiri ya kayar. Ta kira Ɗayyabu bai ɗauka ba. Sadiyya irin yaran nan ne da ba su iya jira ba, ta zura hijabi a kan koriyar rigarta, ta yi sallama ta shiga gidan kamar mai zuwa barka. Hajiya na bayan gida tana haɗa ruwa. Sadiyya ta ɗaga labulen ɗakin Hajo, zafi ya buge ta a fuska.

Da farko ba ta gane Hajo ba. Fuskar nan siririya ta cika ta yi sumul, leɓɓanta sun yi duhu, kafaɗunta na hawa da sauka kamar wadda ta yi gudu. Jaririn na kuka a gefe, ba ta da ƙarfin ɗaukarsa.

"Hajo! Tun yaushe kike haka?"

"Da sauƙi."

Sadiyya ta durƙusa ta danna ƙaurinta. Yatsa ya shige kamar a ƙullun fulawa, ramin ya tsaya bai cike ba. Ta sauko da jakar daga ƙusa, ta ciro na'urar ta ɗaura mata a damtse. Abin da na'urar ta nuna ya sa ta kwance ta sake ɗaurawa, ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

"Ke kuma wa ya aiko ki?"

Hajiya Mero ce a bakin ƙofa, ganyen darbejiya a hannu yana ɗiga. Sadiyya ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta ce, "Hajiya, don girman Allah a kai ta asibiti yanzu. Zuciyarta ce ta gaji. Ruwan da ke ƙahwarta ya kai ƙirji. In aka ƙara mata wankan nan, wallahi ina tsoro."

"Kin taɓa haihuwa?"

"A'a, Hajiya."

"To ki bari ki haihu tukuna. Mai jego ba ta hita kahin arba'in, iska ta buge ta a banza. Kuma matar aure ce, mijinta bai nan. Ɗauki abin naki ki tahi, tun muna shaida juna."

A zaure Sadiyya ta tarar da Kawu Mati, ƙanin mahaifin Ɗayyabu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar yayansa. Yana jan carbi yana sauraron rediyo. Ta zayyana masa komai, hawaye na zubo mata. Ya saurara da kyau, har da rage muryar rediyon.

"Allah shi ba ta lahiya," in ji shi. "Amma ɗiyata, jego sha'anin mata ne. Ni mi nawa a ciki?"

Ya mayar da muryar rediyonsa.

Sai da aka fita cin abinci a wurin horon Ɗayyabu ya ɗauki waya. Sadiyya na jin ƙarar cokula da dariyar mutane a bayansa.

"Shugaba, Hajo ba ta da lahiya, ciwo ba ƙarami ba. Duk alamun da ka koya mana suna jikinta."

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Wa ya ce ki shiga gidana?"

"Shugaba, ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka ba da izini kawai, ni zan samo Keke Napep."

"Sadiyya, ki kwantar da hankalinki. Na san halin da take ciki, ina lura. Hajiya ce sai an bi ta a hankali. Ki bari baƙin nan su zo su tahi, ranar Lahadi da kaina zan kai ta, ko Hajiya ta so ko ta ƙi." Ya rage murya. "Kuma kada maganar nan ta hita. Kin san in aka ji matar shugaba ce a haka, aikinmu duka ya zube, ba ni kaɗai ba."

Kun ji fa. Har da aikin ya jawo ya lulluɓa da shi. Sadiyya ta koma washegari, Hajiya ta sa an tare ta tun daga zaure. Yarinyar ta gaya wa tata mahaifiyar, ita kuma ta ce ba za ta shiga tsakanin uwa da ɗanta ba, gidan mutane ne. Kowa da hujjarsa a hannu, tsaf da ita, ba wadda za ka kushe. Hajo kuwa ranar Juma'a ko kunun ba ta iya haɗiyewa sai Hajiya ta tallafe mata kai.

Asabar da safe Ɗayyabu ya shiga ɗakin ɗaukar jakar, wadda ya karɓo daga wurin Sadiyya ya mayar kan ƙusarta. Ya sha shuɗiyar shadda sabuwa, ya ɗora koriyar rigar ƙungiya a sama, sai ƙamshi yake. Ya miƙa hannu kan ƙusa, ya ji an riƙe masa gefen riga. Tun da aka kawo Hajo gidan nan ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ko ɗan kunne. Ta tattara numfashin da ya rage mata, kalma ɗaya-ɗaya.

"Malam. Ka kai ni asibiti."

Allah kaɗai ya san abin da ta haɗiye kafin ta furta wannan. Ɗayyabu ya tsaya, idonsa ya ciko. Na yarda ya so ta, ban taɓa cewa bai so ta ba. Sai wayarsa ta yi ƙara, an ce motocin baƙi sun baro GRA. Ya cire yatsunta daga rigarsa a hankali.

"Ki yi haƙuri, Hajo. Da sun tahi, yau ɗin nan, ba sai gobe ba."

Ya fita, ya tsaya a gefen ƙofa, ya zaro alli daga aljihu ya sabunta da'irar, ya danna sosai don ta fito a hoto.

Zagayen ya yi kyau, kowa ya faɗa. Baƙin sun bi lungu-lungu suna ɗaukar hoton katangu, an gabatar musu da matan da ƙungiyar ta ceta, wata har da kuka tana sa wa Ɗayyabu albarka. Da suka iso ƙofar gidansu ya nuna zanen yana murmushi, ya ce, "Nan gidana ne. Mu daga gida muke farawa." Aka tafa masa. Hayaƙin itace na tashi ta saman katanga, wata baƙuwa ta ce ƙamshinsa ya tuna mata da gidan kakarta.

Ba su kai ƙarshen lungun ba aka ji salatin Hajiya Mero.

Sadiyya ce ta fara rugawa, wannan karon ba wanda ya tare ta. Ta sami Hajo a kife a bayan gida cikin tururi, kumfa na fita ta bakinta, Hajiya na jijjiga ta tana kiran sunanta, ganyen darbejiyar a yashe cikin kwata. Arba'in ɗin da ake jira da izinin da ake nema duk suka kau a lokaci guda. Aka naɗe ta a zane aka fito da ita ta gaban Kawu Mati, ta gaban baƙi, aka sa ta a ɗaya daga cikin motocinsu masu sanyi. Kanta na kan cinyar Sadiyya. Kafin a kai babban asibiti kafaɗun nan da suka kwana biyu suna hawa da sauka suka tsaya.

An yi jana'iza bayan la'asar. A cikin gida Hajiya Mero na kuka na gaskiya, jaririn a hannunta, tana gaya wa mata masu gaisuwa, "Wallahi ban rage ta da komi ba. Itace, kanwa, da hannuna nika yi mata. Sanyin ne ya riga ya yi nisa." Matan suka ce haka ne, kwana ne ya ƙare. Kawu Mati ya ce shi dai da an gaya masa abin ya kai haka. Yaran ƙungiya suka ce ai sun ga alli.

Abin nan yana ci mini rai har yau. Da jahilci ne ya kashe Hajo da na ce Allah ya kawo ilimi. Ilimin yana rataye a ƙusa a saman kanta. Mota akwai, asibiti akwai, wanda ya san ciwon da sunansa yana kwana ɗaki ɗaya da ita. Abin da aka rasa mutum ɗaya ne da zai yarda a ga baƙinsa na yini guda. Mun iya shiga gidan wani mu gyara masa zama, amma namu sai mu tsaya daga waje mu shafa masa alli.

Mahaifin Hajo bai iso ba sai ranar sadakar uku. Malam Salihu, tsoho siriri, da sandarsa da malafarsa, ƙafafunsa sun yi furu-furu da tafiya. Ya tarar da Ɗayyabu a tsaye a ƙofar gida, ya jingina da katanga, gumi ya jiƙa masa shuɗiyar shaddar nan. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya haƙuri, ya haƙurinmu. Tsohon bai ambaci sunan ɗiyarsa ba, ta fari ce. Ya dai dubi ƙasa ya yi tambaya ɗaya.

"Yarinyar ba ta dame ku da raki ba ko?"

Kawu Mati ne ya amsa daga kan tabarma, "Ko kusa. Ko uffan ba ta taɓa cewa ba. Kun yi tarbiyya."

Ɗayyabu ya juya da sauri zai shige zaure. Nan kowa ya ga bayansa. Allin da ya danna ranar Asabar ya kama jiƙaƙƙiyar shaddar, da'irar da ƙugiyarta sun fito fes a tsakanin kafaɗunsa. Masu zaman makoki suka kau da kai, ba wanda ya tashi ya kakkaɓe masa.

Malam Salihu ya bi shi da kallo, ya dubi katangar, ya dubi na maƙwabta. Sadiyya na fitowa daga cikin gida, idanunta a kumbure, sai ya tsayar da ita.

"Ɗiyata, wannan zanen da nake gani ko'ina, na mene ne?"

Ta dubi katangar.

"Baffa, in an yi shi, ana nuhin an duba gidan nan. An duba mai jegon da ke ciki."

Fuskar tsohon ta saki. Ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya taho da nauyi tun daga nesa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe an duba ta. To Allah ya saka muku da alheri."

Ya jingine sandarsa a ƙarƙashin zanen, ya zauna a tabarma, ya ɗaga hannu yana yi musu addu'a.